CINIKIN HOTO A WAYA: KAYA BA A HANNUNKA BA, ALHAKI A WUYANKA

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan kasuwa na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan

 

  

Shugabanni sun umarce mu da mu ce wani abu dangane da wata sana'a da ta shigo gidajenmu ba sallama, watau wadda yaranmu suke kira dirofshifin, mu kuwa a bakinmu sai mu ce cinikin hoto. Ga yadda take, saboda dattawan da ba su saba da ita ba. Yaro ko matar aure za ta samo hoton takalmi, ko leshi, ko tukunyar lantarki daga wajen wani babban ɗan kasuwa a Balogun ta Legas, ko Ariyariya ta Aba, ko Kantin Kwari na Kano, ko ma can ƙasar Sin. Sai ta ɗora hoton a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, ta sa farashinta. Wanda ya gani ya yi sha'awa sai ya turo kuɗi asusunta. Ita kuma ta cire ribarta, ta tura wa mai kaya saura tare da suna da adireshin mai saye, shi ke nan mai kaya ya aika kai tsaye. Ba rumfa, ba sito, ba ɗan dako. Kayan ko da ido ba ta gan su ba.

To, jama'a, ba mun zo kushe wannan sana'a ba ne. Ta rufa wa gidaje da yawa asiri, musamman mata masu zaman gida da samarin da ba su da jari. Abin da muke so mu jawo hankali a kansa guda ɗaya ne: da yawa daga cikin masu yinta sun ɗauka tun da kaya ba su ratsa hannunsu ba, to babu ruwansu da hukuma, babu ruwansu da abin da ya biyo baya. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Mai saye bai san kowa a Aba ko Sin ba, kai ya sani, lambarka ya kira, asusunka ya tura wa kuɗi. Hausawa suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shari'a ma da doka kai za su fara tambaya.

Idan muka waiwaya baya, za mu ga sayar da kayan wani ba baƙon abu ba ne a wannan unguwa. Tun da aka kafa Sabo a 1916, a kan haka iyayenmu suka rayu. Fatake su kawo shanu daga Arewa su damƙa wa maigida, dillalansa su sayar wa mahauta, sau da yawa ma bashi. Goro kuma a saye shi a nan a ɗaure huhu a aika Arewa da sunan attajirin da ba ya nan. Amma fa ku lura, maigida shi ne mai lamuni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ke da alhakin ganin kuɗin baƙonsa sun fito. Akwai malamin da ke rubuta lissafi, akwai la'ada sananniya, akwai fadar Sarki in rigima ta taso. Watau amana da rubutu da sanin wanda za a kama, su suka riƙe kasuwar. Waya ta kawo mana saurin ciniki, amma waɗannan abubuwa uku ba ta zo da su ba, sai mu muka ɗora su da kanmu.

Mu fara da ɓangaren addini, domin shi ne gaba. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya ji hadisin Hakimu ɗan Hizamu, inda Manzon Allah ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Wannan ya sa wasu ke ganin sana'ar gaba ɗaya ba ta halatta ba. Amma malamai sun nuna mana ƙofofi biyu. Ta farko ita ce wakilci: ka yi magana da mai kaya ya yarda kai wakilinsa ne ko dillalinsa, kana sayarwa da izininsa, kana karɓar la'ada ko abin da kuka yanka. Ta biyu ita ce cinikin salam, wanda aka yi bayaninsa a babin ciniki na Risala: mai saye ya biya kuɗi tun farko, kai kuma ka ɗauki nauyin kawo kaya masu siffa sananniya, da adadi sananne, a lokaci sananne. A salam, kayan bashi ne a wuyanka. In mai kaya ya saɓa maka, ba za ka ce wa mai saye ya je ya nemi mutumin Aba ba, kai za ka nemo wasu irinsu ko ka mayar da kuɗi. Har ila yau, a mazhabarmu ta Malikiyya an tsananta a kan sayar da abinci kafin a karɓe shi, kana kuma zinariya da azurfa sai hannu da hannu. Saboda haka masu tallar buhun shinkafa ko sarƙar gwal a waya, don Allah su zauna da malamai kafin su ci gaba. Mu 'yan kasuwa ne, fatawa ta malamai ce, ga su nan zaune.

Sa'an nan mu dawo ga dokar ƙasa. Abu na farko shi ne rajista. Dokar kamfanoni da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2020 ta ce duk mai kasuwanci da wani suna wanda ba ainihin sunansa na yanka ba, to ya yi rajistar wannan suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, cikin kwana 28 da fara kasuwancin. Yawancin yaranmu kuwa suna da suna mai daɗi da suka laƙaba wa shafinsu, da tambari da komai, amma babu takarda. Rajistar sunan kasuwanci ba sai an je Abuja ba, ta intanet ake yi. Wannan doka kuma ta ba mutum ɗaya tak damar kafa ƙaramin kamfani, ba kamar da ba da sai an nemo na biyu. Wanda ya yi rajistar suna, ya tuna akwai bayanin shekara da ake miƙa wa hukumar kafin ƙarshen watan Yuni. Amfanin rajista ba kauce wa tara kaɗai ba ne. Da ita za ka buɗe asusu da sunan kasuwancin, ka raba kuɗin ciniki da kuɗin cefane. Mai saye kuma in ya ga sunan shafi da sunan asusu sun zo ɗaya, hankalinsa ya fi kwanciya.

Abu na biyu shi ne haraji, kuma a nan muke roƙon ku buɗe kunne. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma ranar 1 ga Janairu 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya da muka sani da FIRS ta koma NRS. Duk mai samun kuɗin da haraji ke hawa kansa wajibi ne ya kasance da lambar haraji, kuma an haɗa ta da lambar katin ɗan ƙasa ga mutum, da lambar rajista ga kamfani.

Wani abin da ya shafe mu musamman, mu mazauna nan, shi ne wa ake biya. Sau nawa muka ji ɗan uwa ya ce shi mutumin Kano ne ko Sakkwato, can zai biya? Doka ba ta duba asali, mazauni take dubawa. Mutumin da yake zaune a Sabo ko Mokola ko Ojo, harajin kuɗin shigarsa na Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Oyo ne, ko da kayan daga Kano suka tashi suka sauka Fatakwal. Rajistar sunan kasuwanci ba ta canza wannan, domin kai da sunan abu ɗaya ne a idon doka. Sai in kamfani ka kafa, shi ne harajinsa ke zuwa tarayya. Kuma mu sani, takardar shaidar biyan haraji a jihar da muke zaune hujja ce a hannunmu ranar da za mu nemi haƙƙi, ko rumfa ce a kasuwa, ko takardar fili, ko kwangila. Wanda yake biya bakinsa ya fi ƙarfi a gaban hukuma.

Nawa ake biya? A sabuwar doka, Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan zuwa Naira miliyan 3 ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18, haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kuma a kan riba ake lissafi, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa asusu ba. To, a nan ne gizo ke saƙa ga mai cinikin hoto, domin kuɗin da ke shiga asusunsa yawancinsu ba nasa ba ne.

Bari mu buga misali. A ce yaro yana sayar da takalmi Naira 15,000, mai kaya yana ba shi a 12,000. A shekara ya yi ciniki 400. Abin da ya shiga asusunsa Naira miliyan 6 ke nan. Ya tura wa mai kaya miliyan 4 da dubu 800. Saura miliyan 1 da dubu 200. A ce ya kashe dubu 300 wajen data da talla da kuɗin mota. Ribarsa ta gaskiya dubu 900. A cire dubu 800 da aka yafe, saura dubu 100, harajinsa Naira 15,000 a shekara, kuɗin takalmi ɗaya. Amma in ba shi da littafi, ba rasidi, ba shaidar abin da ya tura wa mai kaya, aka ɗauka miliyan 6 ɗin nan duk samunsa ne, lissafin zai kai Naira 870,000, watau kusan duk wahalarsa ta shekara. Kun ga bambancin da ke tsakanin 15,000 da 870,000 ba lauya ba ne, ba sanin wani babba ba ne, littafi ne na ɗari biyar da biro. Kowane ciniki a rubuta rana, da sunan kaya, da abin da aka karɓa, da abin da aka tura, da kuɗin aike. A ajiye rasidin banki da takardar webil. Doka ta ce a adana irin waɗannan takardu shekara 6. Mu kuwa tun kafin doka, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Har ila yau, ko da lissafinka ya nuna ba a binka ko kwabo, sai ka cika takardar bayanin kuɗin shiga ka miƙa kafin 31 ga Maris na kowace shekara. Rashin miƙawa laifi ne mai zaman kansa, tararsa Naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ashe kun ga tarar ta ninka harajin kansa. Ƙananan kamfanoni ma da aka yafe musu harajin riba, ba a yafe musu cika takarda ba. Wanda kuma yake ganin an ƙaƙaba masa abin da ba daidai ba, doka ta ba shi damar ƙin yarda a rubuce, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma sabuwar doka ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Kada a biya kowa a hannu ba rasidin gwamnati.

Game da harajin VAT, wanda aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5, aka mai da shi kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020, har yanzu yana nan a haka. An ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa nauyin karɓarsa, kuma yawancin masu cinikin hoto a cikinmu nan suka faɗa. Gargaɗinmu shi ne, kada wani ya rubuta VAT a rasidinsa don ƙara farashi alhali ba ya kai wa gwamnati. Wannan cin dukiyar mutane ne kuma laifi ne. Wanda Allah Ya buɗa wa cinikinsa ya girma, ya nemi akanta, domin mai karɓar VAT kowane wata yake miƙa lissafi, kafin ranar 21. Sa'an nan kada mu manta, haraji daban zakka daban. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya.

Abu na uku shi ne haƙƙin mai saye. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar mayar da kayan da ya saya bai gani ba, in sun zo ba kamar yadda aka siffanta masa ba, ko suka zo da aibi. Saboda haka rubutun nan da ake mannawa a ƙasan hoto, wai in an saya ba a mayarwa, ba ya kare kowa. Tun kafin ka ɗora hoton wani, ku yi yarjejeniya da shi a rubuce, ko da a saƙon waya ne: in kaya sun lalace a hanya wa zai ɗauka, in launi ya saɓa wa zai biya kuɗin mayarwa, kwana nawa za su yi. Kuma ka sayi guda ɗaya ka gani da idonka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, amma wanda ka nuna wa hoton ƙwarya ka aika masa rariya ba zai yi shiru ba.

Mafi haɗari shi ne karɓar kuɗin mutum a juya su a wata buƙata, da nufin za a cike daga cinikin gobe. Daga nan ne ɗan kasuwa ke zamewa ya zama abin da ake kira ɗan 419 bai ankara ba. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, har zuwa 20, babu zaɓin tara. In kaya sun makara, ka kira mai su ka gaya masa gaskiya. Kashe waya da toshe lamba su ne suke mai da saɓani ya zama ƙara a wajen 'yan sanda ko EFCC. Haka kuma kada wanda ya ara wa wani asusunsa a karɓi kuɗin ciniki, ko ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da abu ya ɓaci, mai asusu za a fara kamawa.

Abu na huɗu, irin kayan da ake tallatawa. Abinci, magani, man shafawa, sabulu, da abin da ake kira kayan mata, duk suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Tallata su ba lambar rajista laifi ne, ko da ba kai ka haɗa ba. Iyayenmu mata, wannan magana taku ce ƙwarai, domin mayukan canza launin fata da magungunan ƙiba da rama sun cika wayoyi, kuma lafiyar mutane ake wasa da ita. Kayan lantarki kamar caja da waya da soket suna ƙarƙashin hukumar SON. Kayan jabu masu ɗauke da tambarin wani kamfani su ma a guje su.

Masu ɗauko kaya daga waje kuma su san kwastan na nan. A watan Satumba na 2025 hukumar ta yafe fito a kan ƙananan kayan da kuɗinsu bai wuce dala 300 ba, amma sau huɗu kawai a shekara, kuma ban da kayan da aka haramta shigowa da su. Ba a yi wannan sassauci don ɗan kasuwa ya yayyanka babban kaya ƙanana-ƙanana ba. In kuma ƙunshin zai zo kai tsaye da sunan mai saye, to a gaya masa tun farko cewa za a iya neman fito a wurinsa, kada ya je karɓa ya tarar da abin da bai shirya ba.

Abu na biyar ƙarami ne a ido amma babba ne. Suna da lamba da adireshin mai saye amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana amfani da su a kan abin da mai su bai yarda ba. Ka ba mai kaya da direba abin da suke buƙata don kai saƙo, shi ke nan. Lambar matar mutane ba abin rabawa ba ce a zauren abokai.

Jama'a, dalilin da ya sa muka tsawaita shi ne, mu nan zaman amana muke yi da masu masaukinmu fiye da shekara ɗari. In yaro ɗaya ya ci kuɗin wata mata a Bodija ko Dugbe ya kashe waya, ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi Bahaushen Sabo ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Sunan da kakanninmu suka gina da shanu da goro, har ake damƙa musu dukiya ba takarda, bai kamata ya zube a kan takalmin dubu goma sha biyar ba.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. Na ɗaya, a ware rana guda a wata, 'ya'yanmu da suka karanta lissafi da shari'a su zauna a ofishin ƙungiya su taimaka wa masu son rajista da cika takardar haraji, a kuma keɓe lokaci na mata. Na biyu, a buɗe littafi na masu wannan sana'a a unguwa, kowa da wanda ya tsaya masa, kamar yadda maigida yake tsaya wa dillalinsa. Na uku, kwamitin sulhu ya riƙa karɓar koken masu saye, ko Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, a warware a gida kafin magana ta kai caji ofis. Iyaye da mazaje kuma mu riƙa tambaya: wannan kuɗi da ke shigowa wayar nan, na wane ne, kuma ina littafinsa? Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Sabo da Jihar Oyo da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Masu tambaya kuma, ga malamai ga akantocinmu nan, a miƙo takarda ta hannun sakatare.